Zuciyar Manomi Tana da Iyaka: Mu Koyi Ƙirga Bugunta

Darasinmu na yau a kan zuciya yake. Za mu ga yadda take aiki, da iyakar saurin da za ta iya yi, da yadda mutum zai auna ta da hannunsa. Za mu kuma duba agogon nan na zamani da samari ke ɗaurawa, mu ga ko abin da yake nunawa gaskiya ne.

Kowa a Dumega ya san ranar gayya. Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso wa hatsi, mai gona ya kira jama'a. Makaɗi yana kiɗa, yana kiran sunan kowa da na ubansa. Samari sun jera, ƙura tana tashi. A cikinsu akwai dattijo mai shekara 60, wanda a zamaninsa ba a wuce shi a kuyya. Ya ji kiɗa, ya ji kunyar a bar shi baya, sai ya dage. Can sai ka ga ya dafa hauya, numfashi yana yi masa wuya, idonsa yana ganin duhu. Wani lokaci hutu kaɗan ya ishe shi. Wani lokaci kuwa sai an ɗauke shi a amalanke.

Wannan dattijo ba rago ba ne. Zuciyarsa ce ta kai iyakarta. Manomi ya san lokacin da zai kwance shanun huɗa ya kai su inuwa. Ya kamata ya san nasa lokacin.

1. Aikin zuciya

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana cikin ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Aikinta shi ne tura jini zuwa ko'ina a jiki, kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin garka. Jini shi ke kai wa gaɓoɓi abinci da iskar da muka shaƙa.

Duk lokacin da zuciya ta matse ta tura jini, shi ne bugu ɗaya. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. A yini da kwana tana bugawa wajen sau 100,000. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5. Wanda jikinsa ya saba da aikin ƙarfi, kamar ɗan kokowa, bugunsa na hutu yakan yi ƙasa da 60, kuma ba ciwo ba ne. Yara ƙanana kuwa tasu ta fi ta manya sauri.

In mutum ya kama noma, ko daka, ko jan ruwa a rijiya, gaɓoɓinsa suna neman ƙarin jini. Sai zuciya ta ƙara sauri. Wannan daidai ne, haka Allah ya halicce ta. Amma saurin nan yana da inda yake tsayawa. Akwai adadin da zuciya ba ta wucewa, komai ƙoƙarin mai ita. Shi muke kira iyakar bugun zuciya.

2. Iyaka tana raguwa da shekaru

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: iyakar bugun zuciya tana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Cin tuwo da yawa ba ya ɗaga ta. Jarumtaka ba ta ɗaga ta. Magani ma ba ya mayar da ita ta ƙuruciya.

Akwai lissafi mai sauƙi da likitoci suke amfani da shi tun wajen shekarar 1971. Ka rubuta 220, ka ɗebe shekarunka. Abin da ya saura shi ne kimanin iyakarka a minti ɗaya.

Mai shekara 20: 220 a ɗebe 20, saura 200.
Mai shekara 30: saura 190.
Mai shekara 40: saura 180.
Mai shekara 50: saura 170.
Mai shekara 60: saura 160.
Mai shekara 70: saura 150.

Yanzu mu koma gonar gayya. A ce saurayi mai shekara 20 da dattijo mai shekara 60 suna noma kafaɗa da kafaɗa, zuciyar kowannensu tana bugawa sau 150 a minti. Saurayin yana da sauran 50 kafin ya kai iyaka. Dattijon kuwa saura 10 kawai gare shi. Aiki ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma nauyin da ke kan zukatansu ba ɗaya ba ne.

Wannan lissafi ƙiyasi ne, kamar yadda manomi yake duban gona ya ce za ta ba da dami 50. Tana iya ba da 45, tana iya ba da 55. Mutum biyu sa'o'in juna suna iya bambanta, iyakar wani ta ɗara lissafin da bugu 10 ko 12, ta wani ta gaza da haka. A shekarar 2001 masu bincike a jami'ar Kolorado ta ƙasar Amurka sun tattara awon da aka yi wa mutum fiye da 18,000. Sun ga cewa tsohon lissafin yakan ɗan ƙara wa matasa, ya ɗan rage wa tsofaffi. A nasu lissafin, iyakar mai shekara 20 tana wajen 194, ta mai shekara 60 kuma wajen 166. Bambancin ba shi da yawa. Tsohon lissafin ya ishe mu, muddin mun san cewa jagora ne kawai.

Kada kowa ya ce zai gwada kansa ya ga inda iyakarsa take. Wannan gwaji a asibiti ake yin sa, gaban likita.

3. Ina ya kamata a tsaya?

Ba a ɗora wa jaki duk abin da zai iya ɗauka in tafiya mai nisa ce. Haka zuciya. Aikin da za a wuni ana yi, kamar noma ko girbi, ya fi kyau ya tsaya tsakanin rabin iyaka da kashi 70 cikin 100 nata. Daga kashi 70 zuwa 85 aiki ne mai tsanani, na ɗan lokaci, sannan a huta. Ga lissafin an yi muku:

Shekara 20: aikin wuni, har 140. Mai tsanani, har 170.
Shekara 30: aikin wuni, har 133. Mai tsanani, har 162.
Shekara 40: aikin wuni, har 126. Mai tsanani, har 153.
Shekara 50: aikin wuni, har 119. Mai tsanani, har 145.
Shekara 60: aikin wuni, har 112. Mai tsanani, har 136.
Shekara 70: aikin wuni, har 105. Mai tsanani, har 128.

Kowa ya nemi layin da ya fi kusa da shekarunsa, ya kwafe shi a littafinsa.

Ƴan wasa sukan kusanci iyakarsu. Kokowar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, ta fito da gwanaye da yawa, har da Isaka Isaka na jiharmu ta Doso, wanda ya ɗauki takobi ba sau ɗaya ba. Amma ku lura, karawar ƴan kokowa ta mintoci ce, kuma sun yi watanni suna shiri. Manomi kuwa tun hantsi yake duƙe har azahar. Wanda zai wuni yana aiki ba ya yin gudun wanda zai gama yanzu.

4. Yadda ake ƙirga bugu da yatsu

Ba sai ka sayi komai ba. Yatsu biyu da agogo mai nuna daƙiƙa sun isa. Salula ma tana da agogo. Ku tuna, daƙiƙa 60 ke yin minti ɗaya.

Na farko: ka buɗe tafin hannunka na hagu yana kallon sama.

Na biyu: ka sa yatsa manuni da na tsakiya na hannun dama a wuyan hannun hagu, ƙasa da gindin babban yatsa.

Na uku: ka danna kaɗan, ba da ƙarfi ba, har ka ji jijiya tana motsi. Kada ka auna da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ka.

Na huɗu: ka ƙirga bugun har daƙiƙa 30, ka ninka sau 2. In ka samu 36, to bugunka 72 ne a minti.

In ba ka ji a hannu ba, ka taɓa gefen wuya, kusa da maƙogwaro. Gefe ɗaya kawai, a hankali. Danna gefe biyu tare yana iya sa jiri.

In kana cikin aiki, ka tsaya ka ƙirga nan take, domin bugun yana sauka da sauri. Ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. In ka samu 30, bugunka 120 ne. In ka samu 35, ya kai 140. A nan sai an kula, domin kuskuren bugu ɗaya yana zama 4 bayan an ninka. In bugun ba ya tafiya daidai, yana tsalle ko yana ɗan tsayawa, ka ƙirga minti ɗaya cikakke, kuma ka gaya wa likita.

Ka fara sanin bugunka na hutu. Ka auna da safe kafin ka fita, kwana uku a jere, ka rubuta. Ranar da ka ga ya ɗara yadda ka saba da 10 ko fiye, jikinka yana gaya maka wani abu: gajiya, ko ƙishirwa, ko masassara na tafe.

Wanda ba shi da agogo, akwai awon magana. In kana aiki kana iya hira da na kusa da kai, aikin matsakaici ne. In ba ka iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, aikin ya yi tsanani. Ka sassauta.

5. Abin da ke ƙara wa zuciya nauyi a ƙasarmu

Zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, zafin Arewa yakan wuce digiri 40. Jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, sai zuciya ta yi aiki biyu.

Ƙishirwa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da zufa lita guda a awa ɗaya. In ruwan jiki ya ragu, jini yana raguwa, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Ka sha ruwa moɗa guda bayan kowane minti 20, kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. In watan azumi ne, a yi aiki mai nauyi da sanyin safiya, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur.

Masassara. In zafin jiki ya hau da digiri ɗaya, bugu yakan ƙaru da kimanin 10. Masassarar cizon sauro ta fi yawa a damina, musamman a kwarin Dallol Mawri inda ruwa ke kwanciya, kuma lokacin ne aiki ya fi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa. Mai masassara ya je a gwada jininsa, ya sha magani, ya warke kafin ya koma gona.

Ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini zuciyarsa tana sauri ko da aiki kaɗan. Wannan ya fi samun mata masu ciki da masu jego. Mai ciki dama bugunta yakan ƙaru da 10 zuwa 20. Maigida ya rage mata daka da jan ruwa da ɗaukar itace, ya bar ta ta je awon ciki.

Goro, da shayi mai kauri, da taba. Duk suna iya sa zuciya sauri. Kada a auna bugun hutu bayan an ci goro ko an sha shayi.

Ƙwaya. Wasu samari suna shan taramol don kada su ji gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi. Tana rufe bakin gajiya ne kawai, gajiya kuwa ita ce mai gargaɗi. Tana kuma iya kawo farfaɗiya, ta kama mutum ya kasa rabuwa da ita.

Mai shan maganin hawan jini ya sani cewa wasu magungunan suna rage saurin zuciya. Lissafin 220 ba zai yi masa daidai ba. Ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi.

6. Agogon zamani: gaskiya yake faɗi?

Samarinmu masu dawowa daga bida, daga Yamai ko Najeriya, suna zuwa da agogo mai nuna bugun zuciya. Mutane suna tambaya ko a yarda da shi. Na'urorin awon bugu iri-iri ne, kuma ba su yi daidai da juna ba.

Akwai na asibiti, wanda ake manna wayoyi a ƙirji. Yana karanta ƴar wutar da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Shi ne alƙali, da shi ake gwada sauran.

Akwai ɗamarar ƙirji ta ƴan wasa. Ita ma wutar zuciya take karantawa. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fito da irinta marar waya a shekarar 1982. Awonta yana kusa ƙwarai da na asibiti, ko mutum yana gudu.

Sai agogon hannu. Shi ba ya jin zuciya. In ka juya bayansa za ka ga koren haske yana walƙiya. Hasken yana shiga fata. Duk bugu ɗaya, jini yana ƙaruwa a jijiya ya shanye hasken kaɗan. Agogon yana ƙirga wannan sauyi, ya fitar da lamba.

A shekarar 2017 jami'ar Sitanfod ta Amurka ta gwada agogo iri 7 a jikin mutum 60. Iri 6 kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wato in bugun gaskiya 140 ne, agogon zai nuna tsakanin 133 da 147. Wannan ba laifi. Amma agogunan da aka gwada na manyan kamfanoni ne masu tsada, irin su Apple da Fitbit da Samsung. A wannan gwajin an ga kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata, domin baƙar fata tana shanye koren haske. A shekarar 2020 jami'ar Duk, ita ma a Amurka, ta yi nata gwajin. Ba ta ga babban bambanci tsakanin launin fata ba, amma ta ga kuskure yana ƙaruwa da wajen kashi 30 cikin 100 in mutum yana motsi.

Wannan magana ta motsi ita ta fi shafarmu. Mai noma da mai daka, hannu ne ke aiki. Hannu yana sama yana ƙasa, agogo yana girgiza. Wani lokaci sai ya ƙirga saran hauya ko dukan taɓarya a maimakon bugun zuciya. Zufa da ƙura da sakin maɗauri su ma suna ɓata awo. Ke nan lokacin da manomi ya fi bukatar agogon, lokacin ne ya fi yin kuskure.

Akwai kuma na araha a kasuwa, wanda ko a sanda ka ɗaura shi sai ya nuna maka lamba. Kafin ka yarda da naka, ka yi masa jarrabawa. Ka zauna ka huta minti 5. Ka ƙirga bugunka da yatsu, ka duba abin da ya nuna. Ka tashi ka yi tafiya da sauri minti 3, ka tsaya, ka sake gwadawa. In bambancin bai wuce 5 ba a hutu, kuma lambarsa ta hau tare da taka bayan tafiya, agogon yana aiki. In lambarsa ba ta motsa ba, abin ado ne.

Wanda agogonsa ya ci jarrabawa ya ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ya ɗan matse shi, ya riƙa goge bayansa. In zai duba, ya tsayar da hannu tukuna.

A gidan likita za ku ga na'urar awon hawan jini da ake naɗawa a dantse. Takan nuna lamba uku. Biyu na sama na ƙarfin jini ne, ta ƙasa ita ce bugun zuciya. Abu biyu ne daban. Mutum yana iya samun bugu 70 daidai, alhali yana da hawan jini bai sani ba. Yatsu ba su gane hawan jini. Wanda ya wuce shekara 40 ya je a auna shi ko sau ɗaya a shekara, gara kafin damina.

7. Alamun haɗari

Hausawa sun ce jiki magayi. In agogo ya ce lafiya, jiki ya ce ba lafiya, maganar jiki za a bi. Ka ajiye hauya nan take in ka ji ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana tafiya zuwa hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi.
Numfashi ya ƙi dawowa ko bayan an huta.
Jiri, ko ganin duhu, ko suma.
Zuciya tana fizga, ko tana bugawa barkatai.
Ciwon kai mai tsanani, da amai, da ruɗewar magana a cikin rana.

Zuciya mai lafiya tana saurin sauka bayan aiki. Ka ƙirga da ka tsaya, ka sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. In sau da yawa ba ta sauka da fiye da 12 ba, ka sanar da likita. Haka kuma in bugun hutu kullum yana sama da 100, ko yana ƙasa da 50 tare da kasala da jiri.

In wani ya faɗi a gona, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa. Mai ciwon ƙirji kada a bar shi ya taka da ƙafarsa. A ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi babban asibiti a Dogon Dutsi ko Doso.

Ku masu kiran gayya, ku ajiye tulun ruwa a bakin gona, ku sa lokacin hutu. Ku samari, in kun ga baba ya dafa hauya, ku ce masa: «Baba, a huta hakanan, mu za mu ƙarasa.» Ku dattawa, ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. Gida ya fi bukatar ku da ranku a lokacin girbi.

Tambayoyi

1. Sau nawa zuciyar babban mutum take bugawa a minti in yana hutawa?
2. Mace mai shekara 45, nawa ne kimanin iyakar bugun zuciyarta?
3. Manomi ya ƙirga bugu 32 a daƙiƙa 15. Nawa ke nan a minti ɗaya? In shekarunsa 60, ya ci gaba ko ya sassauta?
4. Me ya sa ba a aunawa da babban yatsa?
5. Me ya sa agogon hannu yake kuskure lokacin noma da daka?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya auna bugunsa na hutu kwana uku, ya rubuta. Ya koya wa mutum biyu a gidansu, namiji da mace. A zo da littattafai ajin yaƙi da jahilci, malami ya duba lissafin.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.